Dusar Gidan Cha'ibu

A farin tamanin da huɗu, lokacin da soja ke mulki, mutum ɗaya ne tak a Maijirgi da ƙiba ta dame shi. Sunansa Cha'ibu, shi ne magaziniye, mai riƙe da mabuɗin siton da ake tara hatsin taimako. Kowa a garin yana ƙara ɗaure mazagin wando don kada ya zame, shi kuwa tela ya gaji da buɗa masa riguna.

Barira ce mai yi masa daka da girki. Bafillata ce daga dajin Alasan Mairerai. Lokacin da fari ya ci dabbobinsu, mijinta Gidaɗo ya kora 'yan shanun da suka rage ya yi kudu da su, ya bar ta da 'yarsu Biba mai shekara huɗu, da wata saniya da ake kira Saye, wadda ƙafarta ba za ta kai doguwar tafiya ba. Saniyar ma ba tasu ba ce. Habbanaye ce, wato wadda aboki ke ɗaura wa aboki: ka riƙe ta ta haihu sau uku, 'yan maruƙan naka, uwar kuma ka mayar wa mai ita har da igiyarta. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta. Wanda ya yi haka ya gama zama a tabarmar mutane. Ɗanbaba, aminin Gidaɗo, shi ya ɗaura musu ita, kuma ranar tafiya Gidaɗo bai bar wa matarsa wata magana ba sai guda: ko me zai faru, Saye ta koma wa Ɗanbaba da ƙafafunta.

Da ta zo neman aiki gidan Cha'ibu ba ta nemi lada ba. Ta roƙi abu uku: dusa, da ƙasarin wankin gero, da wurin kafa turke a bayan gida. Uwargida Zara'u ta yi dariya ta ce ta kwashe, wa ke jayayya a kan dusa? Gidan kuwa gidan daka ne, tiya uku kullum, ban da furar baƙi. Da wannan dusar Saye ta tsaya da ƙafarta a shekarar da shanu ke zubewa a bakin rijiya. Ɗan maraƙinta ya mutu tun a hanya, sai Barira ta cusa wa fatarsa ƙaiƙayi ta ɗinke. Kowace safiya ta ajiye ta gaban uwar, uwar ta lasa, ta saki nono rabin ƙoƙo. Wannan rabin ƙoƙon shi ne ran Biba, Barira kuwa ta san haka sarai.

Ana nan sai labari ya iso daga wajen Mayahi. Wai akwai wani kaftin da ke zagaya situna, ba ya duba takarda, ciki yake dubawa. A wani gari ya sa magaziniye ya hau sikelin buhuna a gaban jama'a, ya karanta nauyinsa da ƙarfi, ya tambaye shi a wace gona ya noma wannan tumbin bana. Daga nan aka jefa shi bayan mota, har yau iyalinsa ba su san inda yake ba. An ce kafin wata uku zai iso Maijirgi.

Ranar da Cha'ibu ya ji, ya kulle kansa a sito ya hau sikeli. Kilo ɗari da goma sha biyu, buhu biyu ke nan da ɗoriya. Ya dawo gida gumi na tsiyaya a wuyansa, ya ce daga yau ya shiga rejim. Barira ba ta taɓa jin kalmar ba. Da aka fassara mata cewa mutum ne zai ƙi cin abinci da gangan don ya rame, sai ta ɗauka zolayarta ake yi don an ga 'yar daji.

Ya fara da tsamiya. Wani direban babbar mota ne ya ce masa haka matan Kwatano ke yi: jiƙon tsamiya da lemun tsami tun asuba, babu ci sai rana ta faɗi. Cha'ibu ya yini yana yamutsa fuska yana zagin leburori, da an yi magariba kuma ya faɗa wa tuwo kamar wanda aka sako daga kurkuku, malmala biyar ba ya ɗagowa. Bayan mako guda sikeli ya ce ya ƙaru da kilo ɗaya. Barira dai ta so wannan rejim ɗin ƙwarai, don daka ya ƙaru, dusa ta ƙaru, har Saye ta ɗan yi sheƙi.

Sai ya koma wa filasko, wanda wani mai magani a kasuwa ya ƙulla masa a tsumma. Kwana uku yana zarya tsakanin ɗaki da salga, buta ba ta huta ba, maƙwabta suna jin nishinsa ta kan danga. Kilo uku suka tafi. Ya huta kwana shida, kilo ukun suka dawo gida kamar awaki da yamma.

Na ukun Manjo Maman Sani ne ya kawo shi, ma'aikacin asibitin garin, abokin hirarsa. Wani shafi ne da aka yago daga mujallar Nasara, da hoton wata Baturiya ta naɗe ƙugunta da awon tela tana murmushi. Barira na zuba musu ruwa a randa tana jin su.

"Wanga shi ne na gaskiya," in ji Manjo. "Tsamiya yaudara ce, yunwa take tara maka. Filasko ruwan jikinka kaɗai shike kwashewa. Amma wanga furotin ne. Nama marar kitse, ƙwai, madara, ka ci iya cinka. Hatsi kuwa ko loma guda, interdit, an hana."

"Nama iya cina?" in ji Cha'ibu, idonsa ya yi haske.

"Iya cinka. Kuma ka yi sa'a, bana duk ƙasar ga babu dabba mai kitse."

Suka yi dariya har Cha'ibu na dukan cinya. Gaskiya kuma Manjo ya faɗa. A shekarar nan nama ya fi gero araha. Makiyaya na kawo bijimi yana tangaɗi su bayar a kan 'yan tiyoyi, don gobe ma gawa ne.

Kwana biyu da fara sabon rejim, Cha'ibu ya ce ƙamshin tuwo zai kashe shi. Ya ɗora Zara'u da yara a mota ya tura su Maraɗi wurin iyayenta. Sannan ya zo tsakar gida da kansa ya kife turmi, ya jingine taɓare a bayan rumbu.

"Daga yau ba a daka a gidan ga," ya ce. "Ƙarar taɓarya ma tona asiri ce. Kowa na jin gidan da ke da hatsi."

Barira ta matso. Ta durƙusa ta ce, "Maigida, to dusar Saye hwa?"

"Ke ana maganar rai kina maganar dusa? Za ni ba ki garin masara daga sito, ki dama wa ɗiyarki kunu."

Ya cika alkawari, ya ba ta garin. Gari ne na ƙasar waje, fari fat, an tace shi tun can, ko ƙwayar dusa babu. Abin da Baturiyar takarda ba ta sani ba, kuma ba ruwanta, shi ne a bayan wani gida a Maijirgi akwai saniyar da ke rayuwa da abin da turmi ke zubarwa.

Washegari ya leƙo bayan gida ya tarar tana tatsa. Ya tsaya yana kallon farin nonon yana haɗiyar yawu.

"Takarda ta ce madara," ya ce. "Ta gari kumbura mini ciki take yi. Ki riƙa kawo mini wagga."

"Maigida, na Biba ne. Shi kaɗai take sha da daɗi."

"Biba ƙaramar ɗiya ce, kunu ya ishe ta. In soja sunka tahi da ni, wa za ya ba ki ko kunun? Ina za ki ɗaure saniyar?"

Maganar muguwa ce amma ba ƙarya ba ce. A bayan gari akwai sansanin waɗanda yunwa ta koro, ta ga yadda ake fitar da yara daga can a naɗe cikin tabarma. Ta miƙa masa ƙoƙon. Daga ranar ta koyi sata a kan abinta: kafin ya fito ta ɗebi ludayi guda ta ɗura wa Biba, ta cika gurbin da ruwa. Cha'ibu ya sha ya ce ai ko madarar bana marar kitse ce, daidai da takarda.

Wannan karon rejim ya kama. Safe gasasshen nama, rana dafaffe, yamma ƙwan zabi in an samu. Bakinsa ya soma wari, wanda ya gaishe shi sai ya kau da kai, kansa na ciwo, ya kan yi kwana huɗu bai zaga ba. Amma sikeli na sauka. Ɗari da biyar. Casa'in da tara. Kullum ya dawo daga sito ya sanar da adadin a tsakar gida kamar mai shelar suna, alhali babu mai ji sai Barira da kaji biyu.

Ita kuwa da ta gama girki sai ta goya Biba ta shiga gari neman abin da saniya za ta ci. Ta je wurin Mariyama maƙwabciyarsu roƙon dusa, Mariyama ta buɗe mata tukunya ta ce, "Duba, 'yar'uwa. Mu ma ita muke tuƙawa." Ta tsinci 'ya'yan gawo har suka ƙare a ƙasa. Ta zare ciyawar rufin wata bukka da masu ita suka gudu. Daga baya har kwalayen da leburori ke yarwa a bakin sito take jiƙawa ta ba ta, Saye ta tauna tana kallon ta. Nono ya koma ludayi biyu, ya koma guda, wata safiya Saye ta lashi fatar ɗanta ta lasa, hantsa ba ta saki komai ba. Cha'ibu ya yi tsaki ya ce dama ya fara gundura da madarar.

Biba ba ta rame ba, abin da ya fara ruɗa Barira ke nan. Kumbura ta yi. Ƙafafu suka cika, kumatu suka yi luhu-luhu, ciki ya fito gaba. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, in an taɓa sai ya biyo hannu. Ta daina wasa, ta daina ma kuka, sai ta zauna a gindin turken Saye ta yini tana kallon ƙasa. Barira ta kai ta asibiti. Manjo ya danna yatsa a ƙafar yarinyar, ya ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Kunu zalla kike ba ta?" ya tambaya.

"Shi ad da ni."

"Ki ba ta madara, da ƙwai, da nama." Sai abin ya ba shi dariya. "Ikon Allah. Takardar maigidanki ce maganinta."

Barira ba ta yi dariya ba. Ta riƙa ɓoye tsoka a bakin zane, ta tauna ta yi laushi ta tura wa Biba a baki. Yarinyar ta riƙe a kumatu ta tofar. Romo ma ta kau da kai. Abu ɗaya take kira da 'yar muryarta, da Fillanci: kosam, wato nono. Uwar ta ji kamar ta tsaga ƙirjinta ta ba ta.

Saura kwana goma sha huɗu kaftin ya iso, nama ya yanke a Maijirgi. Dabbobin da za su mutu sun mutu, masu ƙafa sun yi kudu. Mahauci ya rataye wuƙaƙensa. Cha'ibu ya yi kwana biyu a kan ƙwai ɗaya-ɗaya, idonsa ya yi zuru-zuru, ya ce in aka ci gaba haka zai faɗa wa tuwo, wahalar wata biyu ta tashi a banza. Da la'asar ya zagayo bayan gida ya tsaya hannu a baya, yana duban Saye tun daga ƙaho har wutsiya.

"Buhu guda na hatsi," ya ce. "Cikakke. Ba ta kai rabin haka ba, don dai ke ce."

"Ba tawa ba ce, Maigida."

"Ta wa ce? Mai ita na ina? Wataƙila shi ma ungulu sun gama da shi."

"Habbanaye ce. Ko buhu goma ne, ba a saida ta."

Ta yi zaton zai yi faɗa, ko ya kore ta. Bai yi ba. Murmushi ya yi, fatar wuyansa da ta saki tana rawa.

"Ban tilasta ki ba, Barira. Ni ban cin haram. Ina jira."

Ya kuwa jira. Kowace safiya kafin ya tafi sito sai ya leƙo ya ce, "Ta tashi?" Saye ta kai inda ba ta iya miƙewa da kanta. Barira kan kira Mariyama da mijinta, a zura taɓarya ƙarƙashin cikinta, ita ta kama wutsiya, a ɗaga da salati har ƙafafun su kafu. Taɓaryar da aka hana daka ta samu aiki. In saniyar ta tsaya, Barira ta juyo ta ce, "Ta tashi, Maigida." Shi kuma ya ce madalla, ya wuce.

Rana ta biyar aka ɗaga, ƙafafun suka lanƙwashe. Aka sake, suka sake lanƙwashewa. Saye ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa, numfashi na fita da ƙyar, ƙudaje sun taru a idonta. Mijin Mariyama ya ajiye taɓarya ya ce ba za ta kai azahar ba. Barira 'yar makiyaya ce, ba ta bukatar a faɗa mata. Ta kuma san abin da ya fi yanka muni, wato ta bar dabbar amana ta mutu mushe a ja ta a yar wa karnuka. Ta zauna ta ɗora kan saniyar a cinyarta, ta kira sunanta, ta kira sunan uwarta da kakarta kamar yadda Ɗanbaba ya lissafa musu ranar da ya ɗaura ta. Sannan ta tashi da ƙafarta ta tafi sito.

"Maigida, a zo da wuƙa."

Cha'ibu ya ɗago daga kan kujera a hankali. "Da kin karɓi buhun tun ran nan," ya ce. "Yanzu kam taimako ne za ni yi miki, in hana ta mutuwar banza."

Bai ba ta buhun ba. Fata ya ba ta, da igiya. Ita ta yanyana naman da hannunta, ta shanya a kan igiyar shanya, ita ta gasa masa safe da yamma har kwana bakwai. Ya yaba ƙwarai, ya ce bai taɓa cin naman da ya dace da takarda kamar wannan ba, ko ɗigon kitse babu. Tana juya tsoka a kan garwashi tana tunanin bakin da za ta buɗe ta gaya wa Gidaɗo, da idon da Gidaɗo zai ɗaga ya dubi Ɗanbaba. Baƙin ciki ya cika ta har ba ta jin zafin wutar a yatsunta.

Ranar da kaftin ya zo, Cha'ibu ya hau sikeli da asuba: tamanin da takwas. Ya zaɓi mafi girman tsofaffin rigunansa ya saka, ya yi iyo a ciki, kumatu sun zube, ido ya faɗa. Aka tara jama'a a bakin sito. Kaftin, wani dogo mai baƙin tabarau, ya sauko daga mota ya dube shi sama da ƙasa, bai ko ce ya hau sikelin ba.

"Kai ne magaziniye?"

"Ni ne, mon capitaine."

Kaftin ya kama hannun rigar ya ɗaga don kowa ya ga yadda take lilo. "Ku duba! Ga mutum yana kwana da mabuɗin hatsi, rigarsa ta fi ƙarfinsa. Irin waɗanga ƙasa ke so."

Aka yi tafi, don soja na kallo. Cha'ibu ya sunkuyar da kai, har da share ƙwalla. Kaftin ya juya zai shiga mota sai idonsa ya faɗa kan Biba, tana zaune a ƙasa jikin ƙafar uwarta, ciki a gaba, kumatu a cike. Ya tambaya ɗiyar wa ce, aka ce ta mai aikin gidan magaziniye ce. Ya miƙa sandarsa ya ɗan taɓa cikin.

"To ga wadda ke cinye rabon maigida," ya ce.

Sojojinsa suka yi dariya, Cha'ibu ya fi kowa. Manjo Maman Sani na tsaye a wurin, ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa. Ko kaftin ya san abin da ya taɓa, ko bai sani ba, Allah kaɗai ya sani. Mota na jiran sa, akwai sauran situna.

Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Cha'ibu ya iso gida yana kiran Barira tun daga zaure. Da hannunsa ya tayar da turmi, ya kakkaɓe gizo-gizon da ke ciki, ya kwance bakin buhun gero.

"Tiya huɗu! Tuwo da miyar kuka, da hura mai yawa. Rejim ya ƙare!"

Ta surfa, ta bakace, ta wanke. Ƙarar taɓarya ta cika unguwa bayan wata biyu da rabi. Dusa ta taru a faifai, mai laushi, mai ƙamshi, ƙasari ya cika ƙwarya har baki. Cha'ibu ya fito yana shafa cikinsa da ya zama fanko, ya ga tulin dusar, ransa ya yi fari, ya ji yana son ya yi alheri.

"Ki kwashe duka, taki ce kamar da," ya ce. "Ki kai wa saniyarki."

Ya shige ɗaki yana tambaya ko tuwon ya kusa. Barira ta ɗauki faifan da hannu biyu ta zaga bayan gida. Turken na nan a kafe, igiyar Ɗanbaba a naɗe a kansa, fatar ɗan maraƙin a jingine a danga. Biba na zaune a inda ta saba. Uwar ta ajiye faifan a gindin turken, a daidai wurin da take ajiyewa kullum. Yarinyar ta dubi dusar, ta dubi turken, sannan ta ɗago kumburarrun idanunta.

"Inna," ta ce, "kosam."